Tambayoyinku: Mashi a maƙogwaro, ƙarfe a ka, wasan 'yan Caina gaskiya ne ko rufa ido?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni mai gyaran waya ne nan Sakkwato. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta Mabera bisa wani bidiyo da anka turo muna a WhatsApp, na 'yan Caina masu aske kai ƙwal da kaya ruwan goro, a wajen wasa irin wanda ake yankar tikiti a shiga kallo. Guda an kafa mishi mashi ga maƙogwaro ya tura har iccen ya lanƙwashe, guda ya buga ƙarfe ga kai nai ƙarfen ya kare biyu, wani kuma ya kwanta bisa ƙusoshi anka aza mishi dutse ga ciki anka fasa da guduma. Wasu sun ce tauri ne irin namu, wasu sun ce aljanu, ni ko na ce editin ne. Abin da ya sa na rubuto ma, ƙanena ɗan shekara 13 ya fara gwada fasa bulo da hannu a bayan gida. Don Allah a warware muna.

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaya wa 'yan majalisa babu wanda ya ci gardamar nan, har kai. Ba editin ba ne, don irin wasan nan ana yin shi ido da ido gaban dubban mutane a ƙasashe da yawa, kuma ba aikin aljanu ba ne. Abin da ka gani ya faru da gaske, abin da ba gaskiya ba shi ne labarin da ake rakawa da shi, wato wai sun tara wani ƙarfi na ɓoye da suke kira "ci" a wuri ɗaya har fatarsu ta koma ƙarfe. Fatarsu irin taka ce, in aka yanke su jini zai fita. Abin da suke da shi horo ne na shekaru tun suna yara, da kayan wasa da aka zaɓa da gangan, da kuma sanin inda ƙarfin duka yake bi.

Mu fara da mashin tunda shi ya fi tayar da hankali. Ka koma ka sake kallon bidiyon a hankali, ka duba inda aka ɗora tsinin. Ba kan ƙashin maƙogwaro ba ne, a ɗan ramin nan ne da ke ƙasan wuya, wanda in ka sa yatsa ka danna ƙasa za ka ji ƙashin ƙirji ya tare ka. Mai wasan yana ɗaga haɓa ya ɗaure jijiyoyin wuya, sannan ba ya tura mashin kai tsaye cikin wuya, ƙasa-ƙasa yake danna shi yadda nauyin zai sauka kan ƙashin nan. Tsinin kuma dakusasshe ne. Sai iccen, shi ne rabin sirrin, wani farin icce ne mai lanƙwasa da 'yan Caina suka daɗe suna yin ƙotar mashi da shi, to da zarar ya fara gantsarewa ƙarfin da ake turawa yana tafiya ne wajen ƙara lanƙwasa shi ba wajen huda mutum ba. Shi ya sa kullum za ka ga mashin yana da tsawo kuma gindinsa a kafe ƙasa a karkace. Ba za ka taɓa ganin an kawo gajeren mashi mai ƙotar ƙarfe da aka wasa an ce to bismilla ba. Duk da haka kar ka raina, akwai zafi sosai, kuma in tsinin ya zame mutum na iya rasa ransa, wannan natsuwar da kake gani a fuskarsu ta gaske ce.

Ƙarfen da ake karyawa a ka kuwa, ka tambayi kowane mai walda zai gaya maka ƙarfe iri-iri ne. Rodi in ka buga shi lanƙwasa yake yi, ba ya karewa. Amma ƙarfen zubi, wanda aka narka aka zuba, yana da tauri amma ba ya da juriya, in siriri ne ko a siminti ka yar da shi yana iya rabuwa biyu. Shi suke amfani da shi, falle-falle masu faɗi, kuma suna bugawa a saman goshi inda ƙashin kai yake da kauri. Kafin su buga za ka ga sun ƙwanƙwasa biyu a juna don jama'a su ji ƙara su tabbatar ƙarfe ne, eh ƙarfe ne, amma wane iri? Da za a miƙa masa rodi mai kauri ɗaya da wancan da ba zai karɓa ba.

Na ƙusoshi lissafi ne kawai. Mutum mai kilo 70 in ya kwanta kan ƙusa 700 kowace ƙusa giram 100 ta ɗauka, wanda bai isa ya huda fata ba, aikin gammo ke nan a kan mai tallar ruwa, raba nauyi. Ƙusa ɗaya tak ita ce mai kisa. Wahalar tana wajen hawa da sauka, shi ya sa ake kama su a kwantar da su a hankali. Dutsen da aka aza masa a ciki kuwa kariya ne gare shi, saboda abu mai nauyi ba ya saurin motsawa, gudumar na sauka dutsen ya shanye dukan ya fashe, kaɗan ne ke isa jikin. In dutsen ya fi girma ma ya fi masa sauƙin dukan. Haka bulo, wasu suna ɗan ɗaga gefensa daga kan abin da aka ɗora shi daidai lokacin da hannu zai sauka sai ya bugu da ƙasa ya tsage, in an jera da yawa kuma za ka ga an sa 'yan tsinke a tsakani don kowane ya karye shi kaɗai.

Akwai wanda ni kaina yake burge ni, na jefa allura a gilashi ta fasa balan-balan da ke bayansa. Da aka ɗauka da kyamara mai rage gudun hoto an ga allurar ta huda gilashin da gaske, ɓarɓashin gilashin ne ya tashi ya fasa balan-balan ɗin. Kuma fa ba kowace jifa ke ci ba, sukan jefa su sake. Wannan ba dabara a cikinsa sai saurin hannu da maimaici. Haka tsayuwa kan yatsu biyu, da alkafura a sama, da lanƙwasa jiki, waɗannan gumi ne zalla. Ƙashi ma in ana matsa masa a hankali shekara da shekaru yana ƙara kauri, likitoci sun san wannan tun ƙarni na 19. Amma tashi sama a taka ganyen bishiya da kake gani a fim, waya ce aka ɗaura musu a ƙugu.

To su wane ne masu kayan ruwan goron? Sunan da suke tafiya da shi Shaolin, wani gidan ibadar mabiya Buddha da ke gindin dutsen Song kusa da garin Dengfeng a lardin Henan, an gina shi wajen shekarar 495. A 1928 wani madugun yaƙi mai suna Shi Yousan ya cinna masa wuta, ya daɗe a lalace mutane kaɗan ne a ciki, sai fim ɗin da Jet Li ya yi a can a 1982 ya dawo da sunansa, yara suka yi ta tururuwa. Yanzu garin cike yake da makarantun kungfu, babbarsu Tagou ɗalibanta dubbai ne. Da yawa daga masu yawon wasa a duniya ɗaliban irin makarantun nan ne aka yi musu aski aka sa musu kayan, ba masu zaman ibada ba. Sannan Caina tana da tsohuwar sana'ar wasan alkafura daban, gundumar Wuqiao a lardin Hebei ta yi suna a kai, kuma dabarun kasuwa irin su fasa dutse a ciki sun daɗe a hannun masu wasan titi da masu tallar magani. Sana'a ce, kuma ni ban ga aibu ba mutum ya ci abinci da abin da ya sha wuya ya koya, inda nake da ja shi ne a ce wa mutane wani sirri ne.

Abu na gaba da na san za a tayar a majalisa, wai in sun iya wannan ai babu mai ja da su a faɗa. Nan ma sai a hankali. Wasan da suke kira wushu gida biyu ne, akwai taolu wanda nuna salo ne alƙalai su ba da maki, takobinsa ma siriri ne mai lanƙwasa don ya yi ƙara, akwai kuma sanda wanda shi dukan gaske ne da safar hannu da kayarwa. 'Yan sanda ɗin nan (wasan nake nufi) mayaƙa ne na sosai. Amma masu cewa suna da ƙarfin ɓoye an gwada su an gani. A 2017 a birnin Chengdu wani ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya kara da wani malamin taici (wani salon wasan faɗa na gargajiyar Caina) mai suna Wei Lei, ba a kai daƙiƙa 30 ba malamin yana ƙasa. A 2020 wani dattijo Ma Baoguo da ya yi suna da irin wannan iƙirari ya faɗi sau uku cikin kusan rabin minti a hannun wani da ba ma ƙwararre ba. Su kansu 'yan Caina sun yi ta muhawara a kai. Kai da ka tashi a ƙasar dambe ka sani, wanda bai taɓa shan kwab ɗaya a fage ba ba a kiransa ɗan dambe komai kyan tsayuwarsa.

Maganar tauri da abokanka suka kawo, abin da zan ce a kai tarihi ne mai ɗaci. A shekarar 1900 dubban matasan ƙauye a arewacin Caina, waɗanda Turawa suka yi wa laƙabi da 'yan dambe, sun tashi yaƙi da baƙi suna da yaƙinin cewa horon da suka yi da surkullen da aka yi musu zai hana harsashi shiga jikinsu. Harsashi ya shiga, an kashe su da yawa, a watan Agusta na shekarar sojojin ƙasashe takwas suka shiga Beijin. Mu ma nan muna jin labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga, kuma kusan kullum yara ne matasa. Abin nan yana ci min rai ƙwarai.

Shi ya sa maganar ƙanenka ta fi min duk sauran muhimmanci. Don Allah yau ɗin nan ka hana shi. Bulon siminti na gini ba irin wanda suke fasawa ba ne, kuma a shekara 13 ƙasusuwan hannu ba su gama haɗewa ba, akwai wuraren da ƙashi ke tsiro a kusa da gaɓoɓi, in ya karye a nan yatsa na iya tsayawa da girma ko ya karkace har abada, mafi saurin karyewa kuma ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Amma kar ka yi masa tsawa ka kashe masa sha'awa, zaunar da shi ku kalli bidiyon tare ka nuna masa iccen mashin da ramin wuyan da tsinken da ke tsakanin bulo, yaro in ya gane yadda abu yake ya fi jin magana. Sannan ka leƙa filin wasa na Giginya ka tambayi inda masu koyar da kareti ko takwando ko judo suke, ka je da kanka ka ga kocin da yadda yake tafiyar da yara kafin ka miƙa shi. In kocin ya fara maganar wani magani da za a sha ko layar da za a saya, ka kama hannun ƙanenka ku fito. In kuma wushu ɗin yake so, ka gaya masa an sa shi cikin gasar Olamfik ta matasa ta 2026 da aka ba Dakar ta Senigal, kuma abin da alƙalai ke ba maki a can tsalle ne da daidaito da sauri.