Amsa kan mawaƙin da ke zuwa biki da filasha

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce mawaƙin da kuke son ɗauka a dinar ƙanwarka ya ce ba zai zo da makaɗa ba, DJ ne zai saka masa kiɗa daga filasha shi kuma ya hau kai. Kana tambaya ko hakan ya dace da al'ada ko cuta ce, kuma ko a yi masa liƙi kamar mai cikakkiyar ƙungiya.

Ka fara sanin abin da ake biya tun asali. Mawaƙin Hausa ba ya fita shi kaɗai. Akwai 'yan amshi, da masu kalangu ko kotso, da sanƙira. Haka marigayi Mamman Shata ya yi ta yawo da jama'arsa har ya rasu a 1999. A wannan tsari kiɗa ne ke bin baki. Mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata yana saki, sautin ya hau ya sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka, idonsa kuma na kan ubangidansa. Da kawun amarya ya taso, sanƙira zai raɗa sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, mawaƙi ya saka shi cikin waƙa nan take, makaɗa su yi ta juya gaɓar har ya koma mazauninsa. Wannan ambaton shi ake yi wa liƙi. Da waƙoƙin fim suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya da fiyanon Yamaha a sutudiyo, irin waɗanda suka cika titin Gidan Zoo a Kano, ya ɗauke aikin mutum biyar ko shida. Daga nan abin ya juye, baki ya koma bin kiɗa.

Ba duk mai filasha ne macuci ba. Wani kiɗa zalla yake sakawa, muryarsa tasa ce a wurin. Wani yana haɗawa da amshin da aka naɗa, don ɗaukar 'yan amshi uku da kuɗin motarsu da abincinsu ya fi ƙarfin cinikin. Ban ga laifin waɗannan ba muddin an faɗa muku tun wajen ciniki, kuma farashin ya nuna haka. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai sakin waƙar gaba ɗaya har da muryarsa, ya riƙe makirfo yana motsa leɓe, ya karɓi kuɗin wanda ya rera. Wannan algus ne. Ko a Turai da Amurka ba a ɗauke shi wasa ba: a 1990 an ƙwace babbar kyautar waƙa ta Grammy daga hannun mawaƙan Milli Vanilli da aka gano ba muryarsu ba ce a faifan. Gane shi ba wuya. Ya sauke makirfo daga baki murya ba ta ragu ba, yana rawa ba ka jin numfashinsa, kuma ba zai iya kiran sunan wanda ya taso ba sai an tsayar da kiɗa.

To idan kun amince da kiɗan naɗi, ka nemi ya karɓo abu uku daga sutudiyo a kan kowace waƙa: kiɗa zalla, kiɗa da amshi, sai wata gajeriyar gaɓa da aka yanka daidai yadda za ta riƙa maimaita kanta ba tare da an ji mahaɗa ba. Wannan ta ukun ita ce mafi amfani, kuma ita aka fi mantawa. Waƙar sutudiyo minti biyar ce ko shida, ta ƙare ta ƙare ko da gwaggwannin amarya na tsakiyar fili. Da gaɓar nan DJ zai riƙe kiɗan, mawaƙi ya yi ta ambato har layi ya ƙare, sannan ya ɗaga hannu a koma jikin waƙa. Ku ba shi sunayen dangi a rubuce kwana biyu kafin biki, da alaƙar kowa da amarya, tunda babu sanƙira. A kuma tanadi kiɗan da aka ɗan saukar da amonsa ƙasa, ba ƙararsa ba, domin muryar da aka naɗa a huce ba ita ce muryar wanda ya yi kamu jiya da wuni yau ba. In kiɗa ya yi masa sama zai yi ta ƙaƙari, daga nan ne DJ ke ɗago muryar faifai don rufa asiri.

Kiɗan ya zo a fayil mai ingancin sauti, wato WAV ko MP3 mai lambar inganci 320, a filasha biyu. In ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil yadda yake. Wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu yakan fito a dushe a manyan sifiku. Kada a haɗa da Bluetooth, yana jinkiri yana kuma yankewa in mutane suka cika. A ja waya zuwa miksa, wato na'urar haɗa sauti. In daga wayar hannu za a saka, a rufe layinta, kada kira ya shigo ana tsaka da waƙar amarya.

Abin da ya fi kayar da mawaƙi shi ne rashin jin kiɗan da kyau. Sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A zauren da bangon ƙarshe ke da nisan mita 17, amon da ya dawo ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wanda ya bi shi zai riƙa zuwa bayan kiɗa. Maganinsa ƙaramar sifika a ƙasa gabansa tana kallonsa. Manyan sifiku su kasance gaba da shi suna kallon jama'a, in ya shiga gabansu da makirfo sai kukan nan mai huda kunne. Batirin makirfo sabo za a saka a daren, a ajiye wani a aljihu. Wuta kuwa, a tashi janareta tun farko a zauna a kansa, kuma kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙungiyar kalangu ba ruwanta da ɗaukewar wuta, amma mai filasha in miksa ta mutu sai ya tsaya.

Da za ku ji shawarata, ku ƙara kuɗi kaɗan a zo da mai kalangu ko da ɗaya ne ya hau kan kiɗan naɗin. A sa masa abin ji a kunne, kiɗan ya fara da ƙirga huɗu don ya shiga daidai. Ya zo da wuri a gwada, don fata na saki da damina tana ɗaurewa da hunturu.

Liƙi ku yi masa in ya rera da bakinsa ya ambaci mutane. A ajiye faranti a zuba a ciki, domin dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta. Ku kuma yanke tun wajen ciniki ko DJ da mai kalangu suna da kaso a farantin ko sallamarsu daban ce, a gaban shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka.