Amsa ga mai koyon karin maganar Ingilishi ta hanyar Sinanci

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce ka zo ƙasar Sin daga Damagaram da Faransanci a bakinka, yanzu kana neman Ingilishi, kuma littafin da ka samu yana jera karin maganar Ingilishi kowanne da takwaransa na Sinanci, kana son sanin ko haddace su haka ya wadatar. Wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, domin irin wannan littafin ne ya jawo mini wulaƙancin da har yau ban manta ba.

Ni ma makarantar Faransanci na yi a Maraɗi, kuma da na fara aikin tafinta a Guangzhou sai na ga yawancin masu sayen kaya da Ingilishi suke magana. Wata rana na raka wani ɗan kasuwa wata masana'antar tayil a Foshan, saboda launin kayan da aka buga masa ya saɓa da samfurin da ya zaɓa. Manajan ya ɗaga tayil biyun, ya kara su a hasken taga, ya amsa laifinsu, sannan ya ce "wang yang bu lao", wato a gyara garke bayan tunkiya ta ɓace. A littafina an haɗa wannan da maganar Ingilishi ta rufe ƙofar barga bayan doki ya tsere, don haka ita na faɗa wa ɗan kasuwar, ina ganin na burge shi. Ashe a Ingilishi ma'anarta ihu bayan hari, aikin gama ya gama, alhali Basine yana nufin har yanzu da sauran lokacin gyara.

Ɗan kasuwar ya miƙe ya bugi tebur har shayi ya zube a kan takardun. Da wata ma'aikaciyarsu mai jin Ingilishi ta warware maganar, sai ya juyo kaina. A gaban kowa ya ce ko dai ni jahili ne, ko kuwa na karɓi kamasho ne don in ɓata masa ciniki. Kwana biyu ina biye da shi ina ɗaukar masa jaka, amma ya hana ni ko sisi, ya shiga mota ya bar ni a bakin ƙofar masana'antar. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ya bi unguwar Xiaobei, matattarar 'yan kasuwar Afirka a Guangzhou, yana gaya wa mutane kada su ɗauke ni, har na yi makonni babu aiki. Kuskure kam na yi shi, ban musa ba, amma ban ci amanarsa ba, kuma Allah ya sani.

Daga baya ne na gano cewa maganar guntuwa ce. Asalinta yana cikin tsohon littafin nan Zhanguo Ce: bayan ƙasar Qin ta ci Ying, babban birnin Chu, a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, wani bafade mai suna Zhuang Xin ya ce wa sarkin Chu wanda ya gyara garke bayan ɓatan tunkiya bai makara ba. Wannan "bai makara ba" ɗin ne ba ya cikin haruffa huɗun Sinanci na "wang yang bu lao" da ake haddacewa, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan maganganu na Sinawa haka suke, labari ne aka dunƙule, wanda bai san labarin ba rabin zance ya riƙe. Saboda haka ina roƙonka ka riƙa neman labarin kowanne, ko da malaminka ya ce ɓata lokaci ne.

Ban ce ka jefar da littafin ba. Akwai waɗanda suka dace sosai, kamar kibiya ɗaya gaggafa biyu na Sinanci da jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya na Ingilishi. Amma dubi wanda ake faɗa idan ana zancen mutum sai ga shi: Basine ya ambaci Cao Cao (wani shahararren sarkin yaƙi a tarihinsu), Bature ya ambaci Shaiɗan, mu kuwa mu ce ɗan halak ya ƙi ambato. Wuri ɗaya ake faɗarsu, amma ni ba zan iya duban dattijo in kira masa Shaiɗan ba, ko da wasa. Shi ya sa nake rubuta na Hausa a gefen kowane layi, domin da shi ne kaɗai nake jin nauyin magana, sannan in duba jimlolin misali a ƙamus na Ingilishi zalla. Idan kuma kana tafinta kuma akwai kuɗin mutane a tsakani, don Allah ka faɗi ma'ana a fili, ka bar karin magana sai wurin hira.

Ka ɗauko hoton shafukan littafin naka ka turo mini, zan yi maka alama a kan waɗanda na san ma'anarsu ta saɓa, kuma kafin nan ka duba ka gani ko na tunkiyar nan yana ciki da abin da aka haɗa shi da shi.