Katin bashi biyu, rancen banki, ga gini a Mabera

Wani ɗan'uwa ɗan Sakkwato da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ya turo tambaya. Ana binsa fam 3,000 a katin bashi ɗaya mai ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, fam 800 a wani mai kashi 30, ga rancen banki na fam 5,000 mai kashi 12. Duk wata yana biyan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa, yana aika wa gida, yana kuma gini a unguwar Mabera ta Sakkwato. Ta ina zai fara, kuma shin bashin zai taɓa takardunsa?

Malam, mu fara da takardu don hankalinka ya kwanta. Bashin kati da na banki tsakaninka ne da masu kuɗin, shi kaɗai ba ya hana sabunta biza. Wanda ke iya hanawa shi ne bashin asibitin gwamnati (NHS) da ya kai fam 500. Idan akwai shi, shi ne na farko. Sai kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, domin su ne suka fi saurin kai mutum kotu ko su raba shi da ɗaki.

Wannan mafi ƙarancin da kake biya shi ya riƙe maka ƙafa. A katin fam 3,000, ruwan wata kusan fam 60 ne. Ka biya 90, talatin kacal ta taɓa uwar kuɗin. Kuma da bashin ya ragu sai su rage abin da suke nema, ka ɗauka sauƙi ne, alhali a haka za ka shafe shekara 15 ko fiye. Tsayar da adadi ɗaya da ba ya sauka. Fam 150 duk wata zai kashe shi cikin wata 26, ruwa wajen fam 870. Fam 250 kuwa wata 14 ne, ruwan bai kai 500 ba.

Wanne za a fara kashewa? Masu lissafi sun ce mai ruwa mafi tsada, wasu sun ce mafi ƙanƙanta don mutum ya ga ci gaba ya samu ƙarfin gwiwa. Kai ka huta da gardamar, katin fam 800 shi ne duka biyun. Sa banki ya riƙa cire mafi ƙarancin sauran da kansa kwana ɗaya bayan albashi, duk rarar ka zuba a kan na 800. Ya mutu, kuɗinsa su koma kan na 3,000. Rancen banki bar shi a tsarinsa.

Idan sunanka bai ɓaci a wajen bankuna ba, nemi katin da ake mayar da bashi kansa ba ruwa na wasu watanni. Ladansa kusan kashi 3 ne, wato fam 90 a kan 3,000. Raba bashin da yawan watannin ka biya hakan. Inda ake faɗuwa biyu ne: makara sau ɗaya na iya soke rangwamen, sannan tsohon katin da ya zama wayam yakan sake cika.

Kada ka ƙara aika kuɗi gida da katin bashi. Bankuna da yawa suna lissafa shi kamar cirar tsaba: lada nan take, ruwa daga ranar, ba kwanan alfarma. Ragon layyan da aka saya a Kara da irin wannan kuɗi, ana cinye soyensa kana biyansa.

Abincin Inna da maganin Baba ba a taɓa su. Gini kuwa a tsayar. Bulon da aka ɗora ba ya gudu, a rufe kan bango kafin damina, a sayar da ragowar siminti tun bai daskare ba. Kira yayanka ko wanda ke tsaye kan aikin ka faɗa masa adadin bashin da watan da za ka gama, don kada shirunka ya zama zargi. Kana adashi da 'yan gida a can? Roƙi a matso da kwasarka, ba ruwa a cikinsa.

In lissafin ya ƙi haɗuwa, kira masu ba da shawara kan bashi, StepChange ko National Debtline, kyauta ne. Za su iya shigar da kai shirin da ke dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 a Ingila da Wales. Yi hakan kafin a rubuta ka cikin waɗanda suka gaza biya, domin wannan tabo shekara shida yake yi a tarihin bashinka.