Amsa kan kazar da ta rame ta gudu daga kan ƙwai

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Kin ce kazarki ta rame, zankonta ya yi fari, tana yawan tsattsagar jikinta da baki, ta tashi daga kan ƙwan da take kwanci, kuma kin jiƙa mata kafson ja-da-yalo ba wani canji. Ni a Jega nake, na daɗe ina kiwon kajin gida da zabi, kuma yadda kika kwatanta ɗin nan ya fi kama da ƙwari masu shan jini. Kafso ba ya kashe ƙwaro, don haka ki daina ɓarnar kuɗinki.

Ki fara ware ta a kwando ko wani ɗaki mai inuwa, da ruwa mai tsabta da dusa jiƙaƙƙiya. Sai ki ɗaga fiffikenta, ki buɗe gashin da ke kusa da duburarta. Ƙwarƙwata za ki ga tana gudu a kan fata, ƙwayayenta kuma fari-fari a manne a gindin gashi. Ƙuma ita a fuska take zama, baƙi-baƙi a gefen ido da zanko, sai ki ɗauka datti ne. Ita ƙuma, basilin ko man kaɗanya ya ishe ta, ki shafa a hankali kada ya shiga ido.

In ba ki ga komai a jikinta ba, kada ki ce babu. Akwai ƙananan jajayen ƙwari da kaskar kaji waɗanda ba sa wuni a jikin kaza. Da rana suna cikin tsagar bangon akurki da ƙarƙashin tukunyar kwanci, sai dare ya yi su fito su sha jini. Bayan isha'i ki shiga da tocila, ki goga farin tsumma a tsagar bangon. In ya fito da ɗigon ja, kin gano ɓarawon. Su ne suka fi korar kaza daga kan ƙwai, kuma akurkin laka irin namu gidansu ne. Shi ya sa maganin jikin kaza kaɗai ba ya isa. Ki kwashe ɓuntun shinkafar da kika shimfiɗa ki ƙone shi, ki kwarara tafasasshen ruwa a tsagogin, ki yaɓe su da sabuwar laka. Hodar ƙwari ta kaji kuwa a shagon maganin dabbobi za ki samu. Ki sake sawa bayan mako guda zuwa kwana 10, domin ƙwayayen da ba su mutu ba sun ƙyanƙyashe a lokacin. Toka da yashi a gefen gida suna taimakawa, kaji na son birgima a ciki, amma rigakafi ne, ba sa gama da abin da ya riga ya yi yawa.

Don Allah ban da fiya-fiya da kananzir. Wata maƙwabciyata ta fesa wa tsaki fiya-fiya da yamma, da safe shara aka yi.

Ki kuma shafa ƙashin ƙirjinta. In ya fito tsini alhali tana cin abinci, akwai yiwuwar tsutsar ciki. Piperazine na fitar da doguwar tsutsa amma ba ya taɓa mai faɗin nan, don haka ki faɗa wa malamin dabbobi abin da kika gani a kashinta. Kashin jini kuwa wani ciwo ne daban, amprolium ake ba shi. Kowanne kika saya, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Amma fa in kika ga koren zawo, wuya na murɗewa, kaji na faɗuwa bi da bi, musamman da hunturu, wannan ba ƙwari ba ne. Cutar Newcastle ce ake zargi, ba ta da magani sai rigakafi, irin Lasota da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. In mutuwar ta yi yawa cikin dare ɗaya, ki kai rahoto ofishin dabbobi, kada a yanka a ci, don murar tsuntsaye tana zagayowa tun shigowarta Najeriya a 2006. Duk kazar da kika sayo a kasuwa kuma ki killace ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.