Kishiya, kin tambaye ni ko labari ƙarya ne

Kishiya, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kin fara rubuta labari kina sawa a waya mutane na bi, sai wata ta ce miki ƙagaggen labari ƙarya ne, maƙaryaci kuwa kowa ya san makomarsa. Shi ne kike tambaya ko mu da muke rufe tatsuniya da "ba don gizo ba da na yi ƙarya" dama mun san zunubi muke yi, shi ya sa muke ɗora wa gizo laifin. Yau ni za a titsiye a kan gizo, bayan furfura ta gama da kaina! Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne, yarinyar da ta sauke Alƙur'ani ta koma tsoron alƙalaminta saboda maganar wadda ko fuskarta ba ta sani ba.

Ba ki riski mahaifina ba, Allah ya jiƙansa. Malam ne na zaure, mai zafi. In ya jiyo mu muna gaɗa kusa da inda yake ba da karatu, ba ya magana, gyaran murya kawai zai yi mu watse. Tatsuniya kuwa sai dare, a ɗakin Inna. Suna ce mana mai yin ta da rana ɓacewa yake yi. Sai da na girma Inna ta gaya mini gaskiyar abin: rana ta allo da aiki ce, wanda ya ɗanɗana tatsuniya da hantsi ba zai ƙara duban allo ba. Ita fa ba ta taɓa ce mana tatsuniya haramun ce ba, lokaci kawai ta yanka mata.

Wata ranar Alhamis, ina 'yar ƙwailata, wani makaho ya tsaya a ƙofar gidanmu da ɗan jagoransa. Hunturu ne, ƙura ta rufe gari. Manyan ɗalibai suna zaune da littattafansu a buɗe, ni kuma an aiko ni da buta. Makahon bai ce a ba shi komai ba, sai ya kafa sandarsa ya ɗauki waƙa. Ta mutuwa ce, da Hausarmu tsantsa: yadda za a wanke mutum, a ɗauke shi, a juyo a bar shi, magada su fara lissafi tun ƙasa ba ta bushe ba. Yaron yana amsa masa amshi da wata siririyar murya. Na tsaya da butar ina jiran gyaran muryar nan. Shiru. Na leƙa, sai na ga Malam ya rufe littafi, ya jawo gefen rawani ya kare fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne ƙanina. Ɗalibai duk suka sunkuyar da kai. Ruwan butar ya zube mini a ƙafa ban ma sani ba.

Da makahon ya gama, Malam ya tashi da kansa ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a kan buzunsa. Wani ɗalibi mai rawar kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ba Alƙur'ani ya zargi mawaƙa ba?" Malam ya ce masa ya karanta ƙarshen Suratu Shu'ara'i, kada ya tsaya inda ya ga dama. Da ya kai inda aka keɓe waɗanda suka yi imani suka aikata na ƙwarai, sai Malam ya ce, "To, ka ji. Rabin aya ba ta yanke hukunci." Nan ya ba su labarin Ka'abu ɗan Zuhairu, wanda ya zo neman afuwa ya rera waƙarsa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma buɗe ta da begen wata mace, Su'adu, amma aka yafa masa mayafi mai albarka. Ya ambaci Hassanu ɗan Sabitu da yake kare Musulunci da baituka. Ina laɓe na ji duk wannan, kuma na sha faɗa a cikin gida saboda butar.

Kakata ta wajen uwa ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ta san farillan alwala da tarihin Annabi, duk a waƙe. Takan ce a bakin tsofaffin da suka gaji karatun 'Yan Taru ta ɗauka, wato matan da Nana Asma'u 'yar Shehu take tura wa malamai mata, waɗanda ake kira jaji, da waƙoƙi har ƙauyuka. Nana ta rasu a 1864, ga waƙa ta kai saƙonta har kunnena. Maganar kakata kullum ita ce, "Magani mai ɗaci ba ya shiga bakin yaro sai an lasa masa zuma." Ishiriniyar da ake kwana ana yi da Mauludi ma ai waƙa ce, daga Alfazazi mutumin Andalus.

Na san za ki ce duk waƙa na lissafa, ke kuwa labari kike ƙagawa. Kakanku, da yake malamin makaranta ne, yakan ce a gasar rubuta ƙagaggun labarai da aka yi a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam da wansa Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa, ba 'yan tasha ba ne suka rubuta labaran, mutane ne da suka taso a kan allo. Yakan ce ƙarya ita ce wadda aka yi don a yaudare ka. Da an ce "ga ta nan ga ta nanku" kuwa, yaro ma ya san inda aka dosa.

Sai dai ku ma 'yan yanzu kuna da naku. Ina jin abin da ƙannenki suke saurara a waya. Ana buɗe labari da bisimilla da salati, shafi biyu a gaba kuma an shiga abin da ba za a iya karantawa a gaban uwa ba. Magana zarar bunu ce, ta rubutu ma ta fi, don ita tana nan bayan an binne mai ita. Mu da muke yi a ɗakin Inna, akwai babba zaune yana ji, in ka karkace ya tsawata. Ku kuwa kowa na ƙudundune a bargo da wayarsa, babu mai ji balle ya gyara.

Hukuncin halal da haram ba nawa ba ne, ki je wurin malamin da ya san ki ya san gidanku, ki bar masu fatawa a waya. Ni dai ki turo labarin a karanta mini tun daga farko, kada a tsallake ko layi ɗaya, ina da kunne ko da ido ya gaza. Kuma an ce mini yarinyar da ke cikinsa ba ta da uwa, ba ta da gwaggo, ba ta da kaka, daga ita sai saurayi da mota. Wa ya raine ta?