Amsa: Janareta mara ƙara don tirelar yawon shaƙatawa

Ɗan'uwa, ka ce kana Amurka, ka sayi ƙaramar tirelar kwana ta yawon shaƙatawa, kuma kana neman janareta mara ƙara wanda ba zai ƙarar maka da aljihu ba. To, ka nemi mai inbata kawai. Shi yana rage gudun inji idan kayan da ke kansa ba su da yawa, sai mai ya daɗe, ƙara kuma ta ragu. Irin buɗaɗɗen nan na masu gini kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin ƙararsa ta yi yawa. Dokar gandayen shaƙatawa na gwamnatin tarayya ta hana ƙarar da ta wuce desibel 60 (ma'aunin ƙarfin sauti) daga nisan ƙafa 50.

Honda EU2200i shi ne zakaran gwajin dafi: wat 2200, nauyinsa kusan kilo 21, ana hira kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba. Tsada ce matsalarsa. Kamfanonin Champion da WEN suna da masu irin ƙarfinsa a farashi mai sauƙi sosai, kuma ga mai fita jefi-jefi sun wadatar.

Na'urar sanyaya ɗaki ce za ta yanke maka hukunci. Idan za ka kunna ta, wat 2200 zai sha wuya wajen tayar da ita, don haka ka nemi mai wat 3000 ko ka haɗa ƙanana biyu da wayarsu ta musamman.

Ka ajiye janaretan ƙafa 20 daga tirela, bakin salansa yana kallon nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci.