Kwamfutar ciniki da sabuntawar da ke zuwa ba sallama

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. A kwamfuta mai Windows yake rubuta ciniki da bashi, a kanta kuma yake buga rasit. Ya ce yana tsakar sallamar kwastoma sai ta kama sabunta kanta, ta mutu ta taso, ga data da take shanye masa. So yake a nuna masa yadda zai kashe binciken sabuntawar nan gaba ɗaya, ya huta.

Alhaji, ban ga laifinka ba. Kwastoma a tsaye da kuɗinsa a hannu, allo yana ta juyi yana cewa kada a kashe kwamfuta, wannan asara ce ƙarara. Tsoronka ma yana da tushe, domin a Oktoban 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da wata babbar sabuntawar Windows 10 da ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har sai da ya janye ta. Duk da haka ba zan ba ka shawarar kashewa ba. Lokacin zuwanta ne ke cutar da cinikinka, shi kuwa lokacin kana iya dawo da shi hannunka.

Ga dalilina. Mafi yawan sabuntawar wata-wata toshe kafofin da masu kutse ke bi ne. Ranar da aka fitar da gyara, su ma ɓarayin suna zaune suna nazarinsa don su gano inda kafar take, sannan su bazama neman kwamfutocin da ba su saka shi ba. A Maris na 2017 Microsoft ya toshe wata irin wannan kafa. A watan Mayu sai muguwar manhajar WannaCry ta bi ta nan, ta kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, ana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya. Gyaran ya yi wata biyu yana jiran wanda zai saka shi.

To, ka tuna abin da ke cikin taka kwamfutar: sunayen masu bashi da abin da kake bin kowa, lissafin kayan da ke sito, shigarka ta banki. In gobe ka kunna ka tarar komai a kulle, mutum nawa ne za su tako da ƙafarsu su gaya maka adadin da kake bin su? Kashe sabuntawa saboda jiran rabin awa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ka shiga Settings, ka buɗe Windows Update. Akwai wurin da za ka gaya mata awannin aikinka, har awa 18 a rana, kuma ba za ta kashe kanta ta taso a cikinsu ba. Wannan kaɗai ya ɗauke maka rabin ciwon kan. Akwai kuma maɓallin dakatarwa da ke kai wa mako biyar, ya dace da lokacin da ciniki ya yi zafi ko kake rufe lissafi. In wa'adin ya cika sai ka saka abin da ya taru.

Maganar data kuwa, ka shiga saitin intanet ɗin da kake amfani da shi ka nuna mata cewa layin mai awo ne, wato metered connection, za ta daina sauke mafi yawan manyan fayiloli sai da izininka. A ƙarƙashin saitin Delivery Optimization kuma, ka kashe damar tura sabuntawa ga wasu kwamfutoci. In taka Windows Pro ce, mai gyara zai iya saita ta ta riƙa sanar da kai kafin ta sauke komai. Ita Home ba ta da wannan ƙofar.

Microsoft yana fitar da gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka abin yana da ranar da za ka iya shirya mata. Ka bar 'yan kwanaki su wuce, in akwai matsala labarinta zai fito. Sai ka zaɓi dare ɗaya bayan an tashi, ka kwafi littafin cinikinka a faifan ajiya na waje, ka cire faifan ka adana shi daban, sannan ka bar ta ta yi aikinta. Da safe kafin kwastoma na farko, ka buɗe manhajar lissafi ka buga rasit ɗaya na gwaji. In firinta ta ƙi, ana iya cire sabuntawar da ta jawo hakan. Babban sauyin siga ma yana da kwana 10 na komawa baya.

Ina roƙonka ka guji ƙananan manhajojin da ake yaɗawa masu alkawarin kashe sabuntawa har abada. Ba ka san wanda ya rubuta su ba, alhali za ka miƙa musu ikon kwamfutar da kuɗinka ke bi ta cikinta. Kwamfuta ɗaya ce zan yarda ta zauna ba sabuntawa, wadda aka raba da intanet kwata-kwata, ba imel, ba a soka mata filas ɗin kowa.

Ba ka faɗi sigar Windows da kake kai ba, kuma wannan ya shafi aljihunka. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda na ɗaiɗaikun mutane aka tsara shi zuwa Oktoban 2026. Ka duba yau. In 10 ce kuma kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ka fara ware kuɗin sabuwa daga ribar kowane wata, ka rubuta shi cikin kuɗin gudanar da kasuwanci.